Kande Mai Huda Ƙwarya da Tsohuwar Tauraruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, sarakan gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku gyara zama. Wata mata ce ana ce mata Kande, sana'arta huda ƙwarya. Sai ta sa basilla a wuta, ta huhhuda ƙwarya, ta kife ta a kan 'yar fitila mai caji, sai haske ya watsu a bango. Har daga birni ake zuwa kallo.

Ran nan da magariba sai ga wata tsohuwa ja wur a ƙofarta, tana haki.

Ta ce, "Kande, ni ce tauraruwar da ke saitin rumbunki. Maina ya ƙare, saura kwana uku in mutu. Ba mutuwar nake tsoro ba, gurbina ne zai zama wayam kamar ba a taɓa yina ba. Ki yi mini siffata."

Kande ta ce, "Sannu, Inna. Zauna."

Sai ta yi wa ƙwarya huda guda, babba. Tauraruwa ta ce, "Wannan ƙuruciyata ce, ta wuce."

Kashegari ta yi 'yar mitsitsiyar huda. Tauraruwa ta ce, "Wannan ni ce yau. Kin ƙara mini baƙin ciki."

Rana ta uku babu sauran ƙwarya, sai wani busasshen duma a rataye. Kande ta fafe shi, sai iri ya zube a ƙasa.

Tauraruwa ta ce, "Mene ne wannan?"

Kande ta ce, "Iri ne. Ai ba a samun iri a ɗanyen duma, sai ya bushe ƙayau an fasa shi."

Sai Kande ta bi kowace ƙwayar iri ta yi mata huda ɗaya a jikin duman. Ta kife shi a kan fitila, ɗaki ya cika da haske har rufi.

Tauraruwa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wacce ce ni a ciki?"

"Duka ke ce, Inna."

Sai tauraruwa ta yi murmushi, ta ce, "Ashe. To bari in koma, kada in fashe miki a ɗaki."

Ta hau sama ta fashe. Kande ta yi kuka, don ta saba da ita. Da damina ta shuka irin nan. Ranar da duma ya fara yaɗo ta ɗaga kai, sai ga ƙananan taurari cike da gurbin.

Ƙurunƙus kan kusu. Abin da ya bushe da iri a cikinsa bai ƙare ba. Ku daina kallona haka, 'ya'yan nan, ni da sauran mai.