Maganar da Tela Ya Ce a Riƙe

'Yar Tela mawaƙiya ce, amma ba irin masu kiɗa da amshi ba. Tsayawa take yi gaban jama'a ita kaɗai, ta riƙe makirufo, ta jero baitocinta da baki har zauren ya yi tsit. Allah ya ba ta harshe, wannan ba mai musu. Aibinta ɗaya ne: son tafi ya yi mata yawa, har ta daina bambance abin da ake fita da shi da abin da ake bari a gida.

Wahala ce ta koya mata waƙa. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, ba a jima ba idon mahaifinta ya fara dushewa. Da farko ita ke zura masa zare a allura. Daga baya ɗinkin ma ya gagara, aka sayar da keken ɗinkinsa. Ya koma zaman benci a bakin ƙofa, ita kuma in ta taso daga makaranta sai ta zauna gefensa tana ba shi labarin abin da ke wucewa a titi. Don ta sa shi dariya take ƙawata maganar. Yakan ce, "Bakin nan naki ya fi idona na da gani."

Da ta girma, wata ƙawarta ta ja ta taron masu irin wannan waƙa. Ta yi baitoci a kan makantar mahaifinta, mutane suka share hawaye, suka tafa. Gayyata ta fara zuwa daga ko'ina. Sai ta lura cewa duk inda ta fi tona ciwo, nan tafin ya fi ƙarfi, don haka ta shiga tono. Ta faɗi yadda ya rungume keken ɗinkin ranar da aka zo ɗauka. Ta faɗi ranar da ya kasa lalubo ƙofar banɗaki, ta same shi tsaye a jiƙe yana roƙonta kada ta gaya wa kowa. Wannan baitin shi ya fi yawo a wayoyin mutane.

Ta maimaita shi har ya zame mata aiki. Ta san inda za ta dakata, inda za ta sunkuyar da kai, inda murya za ta karye. A ranta kuwa ba ta jin komai, sai tunanin ko mai ɗaukar hoto ya samo ta da kyau.

Yayanta direba ne, ba mai yawan magana ba. Wata rana ya tare ta a tsakar gida.

"Mutumin nan da ransa fa. Kin tambaye shi kafin ki faɗa?"

"Yaya, ni ma labarina ne. Ni na wanke kayan."

"Ke kika wanke," in ji shi, "amma wandonsa ne."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Mai askin layinsu ne ya kunna wa tsohon waƙar, a ganinsa abin alfahari ya kawo masa. Tela ya saurara har ƙarshe, har tafin. Ya ce, "Ta iya magana." Sannan ya nemi a kama masa hannu a mai da shi ɗaki.

Bai yi mata faɗa ba, bai ma nuna ya ji ba. In ta gaishe shi ya amsa. In ta ce, "Baba, me ke damunka?" ya ce, "Ba komai." Takan jiyo shi yana hira da yayanta har da dariya, tana sa ƙafa a ɗakin sai hirar ta mutu. Ta lura da hakan, kuma shi ma ta yi masa baiti.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ita da yayanta suna gefen gadon. Tsohon ya juyo wajen da ya ji motsinta.

"Je ki samo min ruwa mai sanyi. Kada ki yi sauri."

Ta je ta dawo, ta tarar sun gama magana, idon yayanta ya yi ja. Kafin rana ta faɗi rai ya yi halinsa.

Bayan masu gaisuwa sun watse, ta sami yayanta yana naɗe tabarmi.

"Da ya aike ni, me ya ce maka?"

"Ya yi magana mai tsawo. Har da ke a ciki."

"Me ya ce a kaina?"

"Ya ce in riƙe. Ya ce abin da ya shiga kunnenki ya zama na kowa."

"Ya yafe min?"

Yayan ya jingina tabarmar a bango. "Wannan ma yana cikin abin da ya ce in riƙe."

Ta zauna a ƙasa tana jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Abin da ya zo mata wani baiti ne, tsaf da shi, har ta san daidai inda za a tafa.

Darasin wannan labari shi ne, wahalar da ka sha tare da wani ba taka ce kai kaɗai ba. Kafin ka kai ta gaban jama'a, ka tambayi mai ita. Wanda ya mai da sirrin masoyinsa abin neman yabo zai iya samun yabon, amma zai rasa amincin da ya sa aka buɗe masa ciki tun farko, kuma ba kullum ake samun lokacin gyarawa ba.