Sunan Uwar Kyanwa

A zamanin da mutane da aljannu ke shan ruwa a rafi ɗaya ba wanda ke tambayar ɗan'uwansa asali, an yi wani mutum a Birnin Rugumau ana ce masa Shekarau ɗan Nomau, jikan Gagare mai takobi biyu, Gagare dodon maza, garkuwar gabas, wanda in ya yi tari a ƙofar gari sai abokan gaba su kwance sansani. Gagare ya bar dawaki da gonaki, Nomau ya cinye su da abokai, Shekarau ya gaji kuben takobi ba takobi, da gemu, da taurin kai. Tufkar igiya yake yi a bakin kasuwa. Ba ya dariya, ba ya roƙo, in ya kwana da yunwa sai ya fito da tsinke yana sakace.

Wata rana yana komawa gida ya ji kuka a bayan turmin wata mai dakau. Ya duba, sai ga 'yar kyanwa baƙa wuluk, ramammiya, ƙazama, an sauke mata taɓarya a ƙafar baya, ƙafar tana reto kamar tsumma. Ya wuce. Ya yi nisa, ya dawo, ya ce wa mai dakan wai allurarsa ce ta faɗi, ya sunkuya ya jefa kyanwar a aljihu.

Matar ta ce, "Baba, tsintacciyar mage ba ta mage."

Ya ce, "Ban tambaye ki ba."

A gida ya wanke raunin da ruwan gishiri, ya fasa karan dawa ya tallafe ƙafar, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure. Kyanwar ta cije shi, ya ce ta yi daidai. Ba ta iya tauna, don haka ya ba wata Bafillatana igiya ta zuba masa madara a sakaina, ya karɓo kan kifin da masunta ke zubarwa, ya tattauna da bakinsa yana ɗura mata. Furarsa ta yini ya raba biyu. Amma ƙafa ta kumbura, ta yi zafi, kuma shi ya san tufka ya iya, bai iya ƙashi ba.

Ya ɗauke ta sai gidan Cindo maɗori, tsoho mai hannu kamar auduga, wanda gidansu ba sa karɓar ko goro sai mai karaya ya taka ƙasa. Cindo ya taɓa ƙafar ya ce, "Za ta ɗoru, in ba a bari ta ruɓe ba. Mene ne sunan uwarta?"

Shekarau ya ce, "Kyanwa ce."

Cindo ya ce, "Na gani. Amma tofin gidanmu ba ya kama ƙashi sai an tsaya a ƙofar nan an kira mai karaya da sunan uwarsa, da ƙarfi, jama'a na ji. Haka na tarar. Ko Sarki da ya faɗo daga doki sai da aka kira sunan uwarsa, fadawa na toshe kunne."

Shekarau ya zaga unguwa-unguwa yana tambaya, ba wanda ya san uwar kyanwar bola. Daga ƙarshe Cindo ya ce masa in akwai mai sani, to aljannu ne, domin su da kyanwoyi hanyarsu ɗaya. Ya je tsamiyar bayan gari da rana tsaka, ya yi sallama, ya shiga kogon da ke gindinta, kada ya waiwaya.

Ya rataya kubensa, ya sa kyanwa a kwando, ya shiga. Ya ratsa dajin da itatuwansa ke tafiya suna barin inuwarsu a baya, ya ratsa saharar da yashinta ke raɗa sunayen matattu, ya iso wani kogi ja jawur mai tafasa, inda wani aljani mai ido ɗaya a tafin hannu ke fito da kwalekwale. Aljanin ya nemi ladan fito, ko shekara guda daga cikin rayuwar fasinja ko abin da ya fi ta. Shekarau ya dubi igiyar kwalekwalen ya ce, "Wa ya yi maka wannan shirmen?" Ya zauna ya tufka masa sabuwa, aka haye da shi. Duk inda ya sauka sai ya kwance ƙafar kyanwa ya wanke, ya shafa ɗan man shanun da ya ƙunso a ganye, ya tauna mata guzuri, shi kuma ya sha ruwa ya ƙara tamke ɗamara. Ƙafar dai kullum ƙara nauyi take, har ta soma wari.

Ya isa Birnin Kanwa, fari fat, mai ganuwa da ta tokare gajimare, mai ƙofofin azurfa da ke buɗe kansu suna gaisuwa. Aka kai shi gaban Sarki Zarmaƙashu, sarkin aljannun ƙasa da na ruwa, mai rawanin hayaƙi, mai gemun walƙiya, wanda in ya yi hamma sai a yi guguwa a garuruwa bakwai. Fadawa sun yi sahu, masu kan jimina da masu ƙafar jaki, ga akussan zinariya cike da ƙasusuwa, domin shi ne abincinsu. Da kyanwa ta leƙo daga kwando sai duk suka gyara zama, don ba sa son idon da ke ganinsu.

Sarki ya ce, "Ya kai bil'adama, mun san kakanka, ya taɓa sare wa ƙanena kunne. Jinin maza ba ya zuwa fadarmu ya koma hannu wofi. Zaɓi: rumbun zinariya, ko takobin da zai cika kuben nan, ko 'yata Gimbiya mai hasken asuba."

Shekarau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɓargo kaɗan daga akushin can, ba ta ci komai ba tun safe. Sannan a gaya mini sunan uwarta."

Sarki ya sa aka kira Iya Dunƙule, ungozomar kyanwoyin duniya, tsohuwa tukuf, gajeriya, mai tafiya da sanda tana zagin duk wanda ya tare mata hanya, har Sarkin. Ta shinshina kyanwar ta ce, "Na tuna ta. A ƙarƙashin rumbu aka haife ta. Uwarta ma 'yar bola ce, ba wanda ya taɓa raɗa mata suna, kuma kare ya cinye ta. Babu suna, ɗan nan. Ka sha tafiyar banza."

Shekarau ya karɓi ƙashin da aka miƙo masa, ya fasa. Ya tauna ɓargon ya miƙa wa kyanwar a yatsa, ta lashe. Tsohuwa ta zuba masa ido.

Ta ce, "Kai ke tauna mata?"

"Ni."

"Wa ke wanke mata kashi?"

"Ni."

"Ina take kwana?"

Ya ce, "A hammatata. Sanyi take ji."

Iya Dunƙule ta buga sanda ta ce, "To me ka zo nema? A wurinmu wadda ta tauna ta ɗura, ta wanke, ta ɗumama, ita ce uwa. Je ka ce wa maɗorin, kyanwa 'yar Shekarau. Tofi zai kama."

Shekarau ya miƙe tsaye, gemu na rawa, ya ce, "Ni jikan Gagare ne!"

Ta ce, "Gagare ma wata ce ta tauna masa. Zauna."

Sarki ya ji tausayin gemun, ya ce, "Akwai wata hanya. Bar ta nan. Maƙeranmu su cire ƙafar su sa mata ta zinariya, ta zauna a fada har abada, kai kuma ka koma da girmanka, ba wanda zai ji wannan magana." Wani bafade ya miƙo tasar lu'ulu'u cike da madarar barewa. Kyanwa ta dubi tasar, ta dubi bafaden, ta yi masa tsaki irin nasu, ta ja ƙafarta ta cusa kai cikin hannun rigar Shekarau tana makyarkyata. Ya daɗe yana kallon tudun da ta yi a rigar. Ya tuna kasuwar Rugumau, da mahauta masu baƙin baki, da matan da ba sa manta abin dariya har jikoki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta cin na hannun kowa. A mai da mu gida."

Guguwa ta ɗauke su ta dire a ƙofar Cindo, ranar kuwa kasuwa ke ci, don haka kafin ƙura ta lafa rabin gari ya taru. Cindo ya fito ya ce, "An samo?" Shekarau ya ce an samo, ya matso zai raɗa masa a kunne. Cindo ya ja baya ya ce, "Da ƙarfi, jama'a na ji."

Shekarau ya gyara guntun rawaninsa, ya dafa kube, ya buɗe murya irin wadda kakansa ke kiran maza da ita a fagen fama, ya ce, "Kyanwa 'yar Shekarau! Ni ne uwarta!"

Aka yi dariya har wani mahauci ya faɗa cikin kwata. Cindo bai yi ba. Ya matse ruɓar, ya ja ƙafar, ƙashi ya ce ƙas, ya yi tofi, ya jera tsinkaye ya ɗaure. Kafin wata ya ƙare kumburi ya saɓe, kyanwa ta taka ƙasa da ɗan ɗingishi kaɗan, ladan jinkirin da aka yi.

Labari ya kai fada. Sarkin Rugumau ya ce mutumin da ya ƙi zinariyar aljannu saboda marar gata, shi ya kamata a ba amanar marasa gata. Aka naɗa shi Sarkin Marayu, da algaita da tambari, aka ba shi gida da rumbu. Sarautar ta zauna a fada, amma a gari ba mai kiransa da ita. Yara da manya Inna suke ce masa. Ranar farko da wani mahauci ya kira shi haka a tsakiyar kasuwa, mutane suka ja baya suna jiran a yi jini. Shekarau ya juyo a hankali, fuska a murtuke, ya ce, "Na'am. Ka ajiye mata hanta?"

Mahauci ya ce ya ajiye.

Nan zance ya tsaya. Allah Ya ba marar uwa mai tauna masa, mu kuma Ya sa mu amsa in an kira mu.