Hankaka da Harafin da Ya Haɗiye

An yi wani Hankaka mai girman kai, wanda yake ganin duk dajin ba mai sanin kalmomi kamarsa. Maƙwabtansa su ne Bushiya mai sanyin hali da Kurege sarkin gardama.

Da la'asar sukan taru a gindin tsamiya su yi wasan haruffa. Guntayen sakaina ne aka rubuta wa haruffa da gawayi. A zuba huɗu a ƙasa, kowa ya haɗa kalma bi da bi, wanda ya rasa ya faɗi.

Shekarar da fari ya tsananta, Hankaka ya ce, "Na gaji da wasan banza. Daga yau wanda ya faɗi zai ba da zangarniyar gero."

"Cikin wannan yunwar?" in ji Kurege.

"In tsoro kake ji, ka faɗa."

Kurege ya zauna don kada a ce ya gudu. Kafin wata ya mutu, geronsa duk ya koma rumbun Hankaka. Bushiya ma saura zangarniya ɗaya, ga 'ya'ya a rami suna kuka. Ta ɗauko ta, ko Allah zai sa ta fanshi abin da ta rasa.

Kurege ya zuba musu G, A, R, I.

"Gari," in ji Hankaka.

"Riga," in ji Bushiya.

"Gira," in ji Hankaka. "To, malama, ƙare mana."

Bushiya ta miƙa hannu wajen R. Hankaka ya gane "ragi" za ta haɗa, shi kuwa ba shi da wata kalma bayan wannan. Sai ya kaɗa fikafikai, ƙura ta tashi, ya cafke harafin a baki.

"Ina R ya shiga?" in ji Kurege. "Kai, buɗe bakinka mu gani."

Hankaka ya girgiza kai.

"Ashe mai surutu yau ya zama bebe? Buɗe, ɓarawo."

Da Hankaka ya ga asiri zai tonu, sai ya haɗiye harafin. Sakainar ta tsaya masa a gicciye a maƙogwaro. Ya faɗi yana shure-shure, ido ya firfito.

Ya daɗe a kwance, ko ƙwayar gero ba ta wucewa. Ba wanda ya leƙo shi. Gara ta shiga rumbun ta cinye abin da ya tara. Bushiya ta kwashi 'ya'yanta ta yi ƙaura, ƙaramin ya mutu a hanya. Kurege bai sake zuwa gindin tsamiya ba.

Ranar da Hankaka ya miƙe, ya je bakin ramin Bushiya don ya nemi gafara. Ya tarar ba kowa. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Ka! Ka!"

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya mai da wasa hanyar cin maƙwabtansa zai rasa wasan, ya rasa maƙwabtan. Faɗuwa sau ɗaya da gaskiya ta fi nasarar da za ta tsaya maka a wuya.