Haƙoran Don Evaristo

Akwai wani dattijo a nan yankinmu na Neuquén, Don Evaristo Painemil, wanda ya shekara arba'in yana yi wa mafarauta jagora a gandun su Lisandro.

Dokarsa ɗaya ce. Ba a harbin namijin barewa sai ya tsufa, haƙoransa sun cinye, ya daina barbara. Ko da harbi bai kashe irin wannan ba, sanyin Yuli, watan hunturu a wajenmu, zai kashe shi.

Da mahaifin Lisandro ya rasu, gandu ya koma hannun ɗan, mutum mai jin kansa kamar shi ya dasa duwatsun. Baƙinsa kuwa ƙaho mai rassa suke so su rataye a falo.

A watan Maris, lokacin barbara, mazan barewa na ruri a kwari, Lisandro ya nuna wani ƙato mai mata goma sha biyu ya ce, "Wancan za mu kayar."

Don Evaristo ya ce, "Maigida, wannan yanzu yake ganiyarsa. Shi ke korar ƙananan maza har su yi ƙwari. In babu shi, matan ba za su ɗauki ciki da wuri ba."

Lisandro ya yi dariya. "Tsoho, buɗe bakinka mu gani. Ai a dokarka, kai ya kamata a fara harbewa!"

Baƙi suka kwashe da dariya. Ranar aka sallami dattijon. Abin har yau yana ci mini rai.

Shekara uku ana ɗauke manyan maza. Ƙananan suka samu fili, suka yi ta faɗa da bin mata ba cin abinci, suka shiga sanyi a rame. Matan suka haihu a makare, dusar ƙanƙara ta riski 'ya'yan ba su yi kitse ba.

Da ƙanƙara ta narke, kwarin sai wari.

Lisandro ya cika buhu da muƙamuƙan gawarwaki, ya tafi bukkar dattijon. Ya same shi yana shan shayin mate, idanunsa sun kusa mutuwa.

Don Evaristo ya riƙa shafa haƙoran da babban yatsa. "Wannan shekararsa uku. Wannan ko haƙoran nono bai zubar ba."

"Baba, na yi kuskure. Yaya zan yi?"

"Ka rataye bindiga shekara takwas. Namiji ba ya ƙasaita kafin nan."

"To ka dawo mu yi jiran tare."

Dattijon ya buɗe baki ya nuna masa dasashi. "Ai ka riga ka duba, ɗana. Wannan bakin ba na shekara takwas ba ne."

Bai ga ƙarshen sanyin da ya biyo baya ba. Maris ɗin bana na bi ta kwarin, ban ji ruri ko ɗaya ba.

Darasi: Kada ka raina maganar wanda ya tsufa a kan aikinsa. Ranar da za ka gane gaskiyarsa, wataƙila ba shi da sauran lokacin gyara maka. Ku tura wa duk wanda ya gaji wani abu, yake ganin ya fi waɗanda suka raine shi sani.