Dalilin da Ya Sa Dafaffen Ƙwai Ba Ya Komawa Ruwa

Dalilin da ya sa ƙwai in ya dahu ba ya komawa yadda yake, shi zan gaya muku yau, tunda Hindatu ta ishe ni da tambaya. Wai malaminsu na kimiyya ya ce jikin duk mai rai da 'yan abubuwa kaɗan aka haɗa shi: ruwa, da gishiri, da mai, da sukari, da wani wai shi furotin, irin wanda ke cikin ƙwai da nama. To, in ji ta, man shanu in ya narke yana sake daskarewa, gishiri in ya ɓace a ruwa rana na fito da shi, me ya hana ƙwai? Ni ban san amsar littafi ba. Wadda kakata ta ba ni ita na riƙe. Ku matso. Kai Mudi, janye ƙafarka daga bakin murhun nan tukuna.

A zamanin da, Wuta mai mayar da ajiya ce. Duk abin da aka ba ta, in ya huce sai ya koma yadda aka kawo shi, har ƙwai. In marka ta sauka, kaji da zabi suka jiƙe, sai su kwashi ƙwansu su kai mata ta ɗumama musu.

Ga yadda abin yake. Cikin kowane ƙwai akwai wani zare, ya fi na gizo-gizo sirantaka, ido ba ya ganinsa. An naɗe shi tsaf, kamar yadda mai kaɗi ke naɗe zare a jikin mazari, kuma a cikin naɗin nan rai yake kwance. In Wuta za ta ɗumama ƙwai, sai ta warware zaren a hankali, ɗumi ya ratsa shi, sannan ta mayar da shi naɗinsa. Sharaɗinta ɗaya ne: uwar ƙwan za ta riƙe ƙarshen zaren da bakinta, kada ta saki sai an gama.

Wata shekara marka ta ƙi ɗaukewa. Akwai wata Kaza da sanyi ya lalata wa ƙwai, gafiya ta kwashe saura, guda ɗaya tak ya rage mata. Ta cusa shi ƙarƙashin fiffike ta ruga madafa. A bakin ƙofa ta ci karo da Zabuwa tana fitowa da nata cike da kwando.

"Ke kuma a kan ƙwai ɗaya kike wannan haki?" in ji Zabuwa. "Wani sai ya ce kasuwa kika ɗauko."

"Mai da yawa ke da bakin magana," Kaza ta ce, ta wuce.

Wuta ta ce, "Sannu 'yar nan. Ajiye shi nan gefen toka."

"Gwaggo, taɓa ki ji, sanyi ƙarara. Anya bai mutu ba?"

"Da ransa. Ungo, kama nan. Kin dai san doka."

"Na sani, Gwaggo. Amma don Allah ki bi shi a hankali."

"Tun ba a ƙyanƙyashe kakarki ba nake wannan aiki. Rufe baki."

Kaza ta kama ƙarshen zaren, Wuta ta fara warwarewa. Komai na tafiya daidai, sai jinka ta fara yoyo. Ɗigon ruwa ya faɗo kan ƙwan. Wani ya sake faɗowa kan garwashi, ya yi cuu, Wuta ta ɗan lafa. Ita Wuta ba ta damu ba, ta saba. Amma ban da Kaza. Ta tuna yadda ta kwana kan sauran ƙwanta tana jin suna hucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro ido, Wuta ba ta duba ba. Ta buga ƙafa, Wuta na can kan aikinta. Ɗigo ya ƙara faɗowa.

"Gwaggo, ƙara zafi, zai mutu!"

Maganar na fita, zaren ya kuɓuce. Kaza ta rikice ta hau kaɗa fukafukai tana son cafko shi, iskar fukafukan ta hura Wuta, Wuta ta tashi ba da sonta ba. Zaren nan da ke warware ya cukurkuɗe, ya sarƙe da juna, ya dunƙule. Abin da yake ruwa garai-garai ya koma fari, ya yi tauri.

"Wayyo 'yar nan, me kika yi?" in ji Wuta. "Nemo ƙarshen zaren, maza!"

Kaza ta tone toka, ta tone ƙasa, ta leƙa ƙarƙashin duwatsun murhu. Babu.

Man Shanu yana cikin ƙwarya yana kallo, ya ce, "Ki daina kuka. Kai shi inuwa ya huce. Ni kullum haka nake narkewa in dawo." Ta kai shi inuwa. Ya huce, yana nan da taurinsa.

Gishiri ya ce, "A'a, jiƙa shi za ki yi, in rana ta fito ki shanya. Ni ko na ɓace ɓat haka nake dawowa." Ta jiƙa, ta jira rana, ta shanya. Bai canja ba.

Sai Wuta ta ce musu, "Ku bar wahalar da ita. Ku ba ku da naɗi, ko an watsa ku kuna nan yadda kuke. Shi kuwa naɗin ne ransa."

Duk da haka Kaza ta ɗauki ƙwanta ta koma akurki ta kwanta a kai. Ba ci, ba sha. Har Zabuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, suka fara bin uwarsu a tsakar gida, tana nan kwance. Zabuwa ta leƙo, wannan karon ba tsiya a bakinta.

"Tashi ki tsinci wani abu, 'yar'uwa. Kin rame."

"Ba don ƙi na saki ba," in ji Kaza. "Tsoro na ji."

"Kowa ya sani."

"To sanin ya dawo mini da shi?"

Zabuwa ta ja 'ya'yanta ta tafi.

Ita ma Wuta abin ya tsaya mata a rai, don ba a taɓa ba ta ajiya ta kasa mayarwa ba sai ranar. Ta tara kaji da zabi da agwagi ta ce, "Daga yau na daina karɓar ajiyar mai rai. Mai da gishiri su zo, su koma abinsu. Amma wanda ya miƙo mini ƙwai ko tsoka, ya sani ba zai karɓa yadda ya kawo ba." Aka ba ta haƙuri, ta ƙi. Ta ce gara a ji tsoronta da ta sake ganin irin kwanciyar da Kaza ta yi.

Hindatu, na ga kina murmushi, wai malaminku ma ya ce abin kamar zare ne a naɗe, zafi ke warware shi. To kin ji. Kuma irin zaren nan ne a fatarku da namanku. In kun ji ina ɗaga murya don kun raɓi tafasasshen ruwa, kada ku ce Umma ta cika faɗa. Abin da wuta ta warware a jikin mutum, sai dai Allah Ya tsiro da sabo.

Shi ya sa har yau man shanu ke narkewa ya daskare, gishiri ya ɓace ya dawo, amma dafaffen ƙwai ko shekara ya yi a inuwa ba ya komawa ruwa. Shi ya sa kaza ba ta ƙara ba kowa ajiyar ƙwanta ba, ita ke kwanciya a kai da ɗumin jikinta, shiru, ko hatsi ba ta cika tashi ci ba. In kuwa ta fito, ku lura da ita a bakin juji ko wurin da aka zubar da toka, tana tono da ƙafa tana leƙawa. Wani lokaci ta jawo tana, tsutsar nan ta ƙasa, siririya, doguwa. Sai ta tsaya cak ta karkata kai ta dube ta da ido ɗaya. Ta ga ba shi ba ne. Ta haɗiye, ta ci gaba da tono.