Dalilin da Ya Sa Tsumman Gora Ya Fi Rediyo Iko a Mashiginmu

Shekarau, ajiye wayar nan. Nomau, matso kusa. Tabawa, bar tukunyar, ba za ta gudu ba. Na ji ku maza biyun nan kun daina gaisawa a kan gorar mashigi, ɗaya na cewa a tumɓuke ta a kafa rumfar inji, ɗaya na cewa sai dai bayan ransa. Dukanku babu wanda ya san abin da yake faɗa a kai. To ku saurara.

Dalilin da ya sa a tungar nan ba a tura jirgi sai an ɗaga kai an dubi tsumman da ke bisa gora, ko da rediyo ya rantse ruwa kwance yake, ni ce. Ba aljani ba ne, ba kuma gadon kakanni ba.

Da can ubanku Jatau shi ne sarkin jirgi. Shi ya kafa gorar, ya yagi gefen tsohon zanena ya ɗaura. In tsumman ya karkata yana kallon gabas, iskar yamma ce, a tura. In ya juya ya fara fizga yana nuna yamma, to hadarin gabas na tafe, kowa ya ɗaure jirginsa.

Sai rediyo ya fara faɗin iska kowace safiya. Aka ce wani tauraro ne na ɗan'adam, yana can sama yana hango komai. Damina biyu abin da ya faɗa shi ke faruwa. Mutane suka mai da ubanku abin dariya, ƙanensa Barau ne kan gaba.

"Yaya, Bature ya hau sama ya gano, kai kana nan kana shawara da zanen mace?"

"Zanen yana nan inda jirgin yake," in ji ubanku. "Shi tauraron naka ya taɓa jiƙewa?"

Wata ranar kasuwar ƙetare, farkon damina, ina da kwanduna cike da bandar kifi, har ƙwari sun fara shiga. In ta ƙara mako, sai dai a zuba wa kaji. Rediyo ya ce iska kaɗan ce daga yamma har la'asar. Mutane suka cika jirgi. Ubanku ya tsaya ƙarƙashin gora, tsumman na fizga yana nuna yamma.

"Yau ba tafiya," ya ce.

Barau ya ce, "Yaya, rediyo fa ya faɗa."

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Maigida, tsufa ne ko tsoro? Zanena ne, ni na ɗaura shi ya tsufa a jikina, bai taɓa yi mini duba ba." Na karkato gorar a gaban jama'a, na kwance tsumman, na cusa a ƙugu. Aka yi ta dariya.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To, Kande. Zan tura. Amma 'ya'yana ba za su shiga ba."

Na ce na yarda. Ya sauko da ku ɗaya bayan ɗaya ya miƙa wa kakarku. Kai Shekarau har kana birgima a yashi don an hana ka kasuwa.

Muna tsakiyar ruwa gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta buge mu a gefe, igiyar ruwa ta biyu ta cika jirgin, ta uku ta kife shi. Ni kututturen wata bishiya da ruwa ya cinye na rungume. Mutum goma sha ɗaya ba su fito ba. Barau an same shi washegari. Ubanku sai kwana uku.

Bayan sadakar bakwai wani ma'aikacin hasashen yanayi ya zo ta'aziyya. Ina cikin takaba, amma na sa aka kira shi bakin zaure, na yi magana ta bayan asabari.

"Malam, tauraron naku ƙarya yake yi?"

"Hajiya, ba ƙarya ba ce. Shi ba ya jin iska. Hoton gajimare yake ɗauka, ya jima ya sake ɗauka, a auna inda gajimaren ya matsa. Daga nan ake cewa iska ta nufi can."

"To ran nan fa?"

"Ran nan gajimare hawa biyu ne. Na sama siriri ne, yana tafiya gabas a hankali. Aka ɗauka na ƙasa ne. Abin da ke tasowa a ƙarƙashinsa ba a gani ba."

"Babu wanda ya gyara?"

Ya ce, "Sai da mai aunawa a ƙasa ake gane kuskuren. A yankin nan ba mu da kowa."

Na ce, "Kuna da shi. Ni na kwance shi."

Ranar da na fita takaba na mayar da tsumman da hannuna. Babu wanda ya yi dariya. Shi ya sa har yau ana sauraron rediyo a tungar nan, ana kuma duba waya, amma in suka saɓa da tsumma, tsumma ake bi. Duk damina ni ke yagar zane in canza shi, kuna ɗauka camfin tsohuwa ne.

Ban ce wayarka banza ce ba, Shekarau. Sau tara cikin goma gaskiya take faɗa. Na goman ne ya mai da ku marayu. Kai kuma Nomau, tsare gora ba ya nufin ka ƙi gaida yayanka.

Yanzu hannuna ba ya iya karkato gorar. Ku zauna ku ukun, kafin ruwan farko ya sauka, ku sasanta inda rumfa za ta tsaya da wanda zai riƙa ɗaura tsumman bayana. In kuma kun yanke a cire, wanda zai kwance ya zo ya yi a gabana, in ga fuskarsa.