Ranar da Dogo Ya Hau Sikelin Nama

Akwai wani mahauci mai sayar da kayan ciki, kowa a mahauta Dogo yake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana wanke hanji da tumbi, kuma a wannan aiki babu mai kama ƙafarsa. Zai ɗauki hanjin saniya ya juya cikinsa waje, ya ja shi tsakanin yatsu biyu, ya gaya maka abin da ta ci da ciwon da ta yi kafin a yanka ta. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ba shi da linzami, kuma ya gama yarda cewa babu wanda ya san ciki kamarsa.

A bakin ƙofar mahautar akwai wani dattijo mai kula da babban sikelin da ake auna nama, ana kiransa Mai Sikeli. Shekara biyu kafin wannan labari, likitoci sun yi masa gwajin leƙa hanji, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a duba babban hanji daga ciki. Dattijon ya yi kuskuren ba da labarin a rumfar mai shayi.

Tun daga ranar Dogo ya sa shi a gaba. Duk sanda ya kawo nama awo, sai ya tambaye shi ko hoton ya fito da kyau, ko yaushe za a haska musu fim ɗin. Mahauta su yi ta ƙyaƙyata dariya, dattijon ya duba allurar sikeli ya faɗi awo, ya ci gaba da aikinsa.

Sai ga shi cikin Dogo ya fara canzawa. Yau gudawa, gobe ciki ya ƙulle, jibi ya fito daga banɗaki yana jin kamar bai gama ba. Daga baya ya fara ganin jini. Ya ce basir ne, ya sayi jiƙe-jiƙe wajen masu tallan magani a mota, ya yi ta ɗirka har jarka uku. Jinin ya ɗauke kwana biyu ya dawo.

Matarsa ce ta gano, don ita ke masa wanki. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta daina yi masa magana kwana uku, da ƙyar ta ja shi asibiti. Likitan, wani matashi da bai kai ƙanen Dogo ba, ya saurare shi, ya danna cikinsa, ya sa aka ɗebi jini. Daga nan ya ce yana iya zama basir ɗin, yana iya zama wani abu daban, kuma ba za a sani ba sai an leƙa. Ya rubuta takardar gwajin, ya ba shi rana.

Ko ƙofar asibitin ba su fita ba Dogo ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihu.

"Ni da nake juya hanji tun kafin yaron nan ya iya ɗaura wando, shi zai leƙa nawa? Ba a haife shi ba."

Matar ta ce, "Baban yara, na shanu kake juyawa. Naka ka taɓa gani?"

Ya ce mata ta bar maganar, kuma in ta kuskura ta fita daga bakinta zuwa kunnen wani, ranta zai ɓaci.

Ku da kuke karanta wannan, kada cika bakin ya ruɗe ku. Tsoro ne fal cikinsa. Yana tsoron ya kwanta a gaban baƙi babu wando, yana tsoron labarin ya isa mahauta a rama wa Mai Sikeli. Abin da ya fi duka ba shi tsoro kuwa shi ne abin da za a gani. Ya san yadda ƙari yake a jikin hanji, ya sha taɓa shi da hannunsa, kuma ya san abin da malamin duba nama yake yi wa dabbar da aka samu da shi.

Don haka sai ya koma duba kansa da kansa, irin duban da yake yi wa bijimi kafin a saya. Kowace safiya ya tsaya gaban madubi, ya ja fatar ido ƙasa, ya ɗaga leɓe ya kalli dasashi, ya matsa kwiɓi da yatsa. Sai ya gyaɗa kai ya ce lafiya lau, dabbar da ke da ciwo ba ta tsayuwa haka. Shi da ya fi kowa sanin cewa sa mai ƙiba da sheƙi ma ana buɗe cikinsa a ga abin mamaki.

Ranar gwajin ta zo ta wuce yana kan teburinsa yana yanka hanta. Asibiti suka kira, ya kashe wayar. Ya daina karyawa da safe don kada ya yi ta zarya banɗaki a gaban mutane. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da bakin wuƙa, bayan wata biyu ya ƙara wani. Haka aka ci wata takwas.

Abin da bai lura da shi ba, banɗakin mahautar a bayan sikeli yake, duk mai zuwa sai ya gifta ta gaban dattijon. Mai Sikeli kuwa shekara talatin yana awo, har ya kai in ya kalli cinyar saniya a kafaɗar mutum zai faɗi nauyinta kafin a ɗora, da wuya ya kuskure da kilo ɗaya.

Wata ranar Talata da hantsi, Dogo ya fito daga banɗaki karo na huɗu, dattijon ya yafito shi gefe. Ya rage murya ya ce masa ya lura yana ramewa, kuma irin wannan zarya ya san ta don shi ma ya yi ta. Ya ce in akwai jini kada ya tsaya wasa.

Da Dogo ya ce to ya wuce, da babu wanda ya ji. Amma taurin kai bai bar shi ba. Ya ɗaga murya ya kira mahauta su zo su ji, wai mai fim ya fara nemo wa likitocinsa kasuwa. Mutane suka ajiye wuƙaƙe suka taru, don ba su ƙi a yi abin dariya ba.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bara da kuka yi gardamar wa ya fi nauyi, ka hau nan ka yi kilo casa'in da ɗaya. Yau ba ka kai tamanin ba."

"Idonka ya tsufa, Baba."

"To ga sikeli nan."

Dogo ya ture kwandon da ke kai, ya haye da takalman robarsa da rigar aiki da wuƙa a ƙugu, ya riƙe ƙugu yana kallon jama'a. Allurar ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya a saba'in da takwas.

Babu wanda ya yi dariya. Waɗannan mutane ne da suka san ma'anar dabba ta zubar da kilo goma sha uku ba tare da an rage mata abinci ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma teburansu, aka bar Dogo a tsaye kan sikeli.

Bayan an tashi daga aiki, ya samu dattijon yana wanke farantin sikelin da tiyo. Ya daɗe a tsaye yana wasa da makullin babur kafin ya tambaya, ba tare da ya kalle shi ba, ko gwajin yana da zafi.

Mai Sikeli ya ba shi amsa tsakani da Allah. Ya ce wahalar tana ranar da za a kwana a yi, don za a ba shi maganin wanke ciki marar daɗi, ya wuni tsakanin ɗaki da banɗaki babu abinci sai ruwa da shayi ba madara. Ya ce gwajin kansa allura ake yi wa mutum ya yi barci, a rufe shi da zane, kuma masu aikin sun ga bayan mutum dubu kafin nasa, babu wanda zai tuna da shi.

"Gwajin bai wuce rabin awa ba," in ji shi. "Dariyarka ce ta kai ni shekara biyu."

Dogo ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce a yafe masa. Dattijon ya ce ya yafe, amma da sharaɗin a sake karɓo rana, kuma shi zai raka shi.

Washegari, bayan an karɓo ranar, wani mahauci ya so ya taɓa Dogo, ya tambaya ko shi ma zai shiga harkar fim. Dogo ya soke wuƙarsa a katako ya juyo. Ya ce ƙwarai kuwa, ranar Alhamis ta sama za a leƙa cikinsa da kyamara, ta inda duk suka sani, kuma duk mai magana ya yi ta yanzu a gabansa ya huta. Ya ce shi ya koya musu wannan dariyar, don haka ba za ta kashe shi ba.

Ranar shan maganin ya wuni yana tsine wa wanda ya haɗa shi, matarsa tana miƙa masa kofi bayan kofi tana ce masa ai shi ne gwanin wanke hanji, yau an zo kan nasa. Ranar Alhamis da safe suka tafi su uku. Da aka ba shi rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, sai da ya kalli ƙofa sau biyu. Ya cije ya kwanta ta gefen hagu kamar yadda aka ce.

Da ya buɗe ido, tambayar farko da ya yi wa ma'aikaciyar jinya ita ce yaushe za a fara. Ta ce an gama tun ɗazu.

Likitan ya nuna masa hoton a allon na'ura. Dogo bai buƙaci bayani ba, yana gani ya gane. Ƙari ne zaune a bangon hanji. An gutsuri kaɗan an kai bincike, bayan kwana goma sakamako ya fito cewa ciwon daji ne, amma sauran hotunan sun nuna bai bazu ko'ina ba. Sai dai ya yi girman da ba za a cire shi ta bututu ba, dole a buɗe ciki a yanke wannan ɓangaren na hanji.

Dogo ya tambaya, da ya zo tun ranar farko fa? Likitan ya ce ba zai rantse ba, amma wata takwas ba ƙaramin lokaci ba ne ga irin wannan abu, kuma da ya ƙara wasu takwas ɗin, da wata maganar suke yi yanzu. Matar ta fashe da kuka. Dogo ya ce a sa rana.

An yi aikin, Allah ya ba da sa'a. Bayan wata uku ya koma mahauta a rame, yana tafiya a hankali. Da aka taru yi masa barka, sai ya jawo hanjin saniya daga baho, ya auna taƙi ɗaya da rabi da hannunsa, ya yanke, ya shimfiɗa a kan tebur. Ya ce gwargwadon wannan aka cire masa, kuma ba likita ne ya jawo masa ba, taurin kansa ne. Ya ce duk mai ganin jini a bayan gida ya tafi asibiti, wanda kuma ya yi wa wani dariya a kan haka, da shi zai yi.

Aka watse. Mutum ɗaya ya rage, wani mai saran ƙashi da gatari, magidanci mai 'ya'ya biyar wanda ba ya shiga hayaniyar kowa. Ya matso, ya zaro wata takarda daga aljihu, ta yi laushi ta yi baƙi saboda daɗewa. Dogo na ganin rubutun ya gane irin tasa ce, sai dai kwanan watan da ke kanta ya girmi nasa da wata biyar.

"Me ya hana ka zuwa?"

Mutumin ya ce, "Bakinka, Yaya Dogo. Na ga abin da ka yi wa Baba."

Idon Dogo ya ciko. Sai ya cire rigar aikin, ya bar naman a hannun Mai Sikeli, ya ce wa mutumin ya ajiye gatarin ya hau babur, yanzu za su tafi asibiti.

Darasi: Jini a bayan gida, canjin ciki da ya ƙi wucewa, da rama babu dalili ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ba kai za ka yanke wa kanka hukuncin cewa basir ne ba, komai saninka. In likita ya ce a leƙa, ka je da tsoron naka, kunyar rabin awa ce. Kuma ka kiyayi yi wa marar lafiya dariya, don ba ka san wanda ke gefe yana ji da takarda a aljihu ba. Ka tura wa ɗan'uwanka wannan labari, musamman wanda ya fi kowa cewa shi lafiyarsa ƙalau.